Tambaya da Amsa: 'Yar majalisar da ta yaga takarda a Nuzilan, da tsohon bashin da ke bayanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, wata matashiya a majalisar dokokin Nuzilan ta miƙe ta yaga takarda, ta zare ido tana ihu tana buga ƙafa, wasu suka tashi suka taya ta. A zauren da muke wasu sun ce iska ce ta tashi, wasu sun ce rashin tarbiyya ne kawai. Mene ne gaskiyar abin? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki gaya wa mutanen zaurenku lafiyarta ƙalau. Sunanta Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, 'yar ƙabilar Maori ce, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Abin ya faru ranar 14 ga Nuwamba 2024, tana da shekara 22. Abin da ta yi sunansa haka, kirari ne da ake haɗawa da buga ƙafa da zare ido, kuma Maori suna yin sa wajen tarbar baƙo, wajen jana'iza, wajen nuna ƙin amincewa. Masu kallon wasan zari-ruga sun saba ganin 'yan wasan ƙasar suna yin sa kafin a take wasa. Takardar da ta yaga kuwa ƙudurin doka ne da ke neman sake fassara wata yarjejeniya ta 1840, kuma sai an san yarjejeniyar ake gane ihun.

A 1840 Turawan da ke zaune a ƙasar ba su wuce 2,000 ba, Maori kuwa tsakanin 70,000 da 90,000, da bindigoginsu da gonakinsu da kasuwancinsu. Ingila ba ta ci su da yaƙi ba. Ta aiko da wani hafsan jirgin ruwa, William Hobson, ya nemi amincewarsu a rubuce. Aka tsara takarda da Turanci, aka ba wani ɗan mishan, Henry Williams, shi da ɗansa Edward, suka mayar da ita harshen Maori cikin dare ɗaya. Aka wuni ana muhawara ranar 5 ga Fabrairu a wani wuri da ake kira Waitangi, wasu shugabannin Maori suna ce wa Hobson ya koma inda ya fito, wasu suna cewa ai baƙi sun riga sun shigo, gara a sami wanda zai tsawata musu. Kashegari, 6 ga Fabrairu, kimanin 40 suka sa hannu. Aka zagaya da kwafe-kwafe cikin ƙasa har adadin ya wuce 500, akwai mata a cikinsu. In ban da 39, duk takardar harshen Maori suka sa wa hannu.

Takardun biyu kuwa ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ta Turanci ta ce shugabannin sun miƙa wa Sarauniya Biktoriya cikakken mulki. Ta Maori ta ce sun ba ta kawanatanga, wato aikin gwamna, sannan a sashe na biyu ta tabbatar musu da tino rangatiratanga, cikakkiyar sarautarsu a kan ƙasarsu da garuruwansu da duk abin da suke ɗauka da daraja. Wani shugaba na arewacin ƙasar, Nopera Pana-kareao, ya bayyana wa mutanensa yadda ya fahimci abin: inuwar ƙasa ce ta tafi ga Sarauniya, ainihin ƙasar tana hannunsu. Shekara guda bayan haka ya juya maganar, ya ce ainihin ya tafi, inuwar aka bar musu. Akwai manyan da suka ƙi sa hannu ƙememe, irin su Te Wherowhero na yankin Waikato, amma a watan Mayu na shekarar Hobson ya yi shelar mulkin Ingila a kan ƙasar baki ɗaya, da wanda ya sa hannu da wanda bai sa ba.

Daga nan jirage suka dinga sauke baƙi. Hone Heke, wanda yana cikin na farkon sa hannu, shi ne ya sare sandar tutar Ingila a garin Kororareka har sau huɗu tsakanin 1844 da 1845. A 1858 yawan Turawa ya zarce na Maori, kuma a shekarar ce ƙabilu da dama suka haɗu suka naɗa Te Wherowhero sarki, don a sami murya ɗaya da za ta ce an daina sayar da ƙasa. Gwamna George Grey ya ɗauki wannan a matsayin tawaye. A Yulin 1863 sojoji suka kutsa Waikato, majalisar Turawa kuma ta yi dokar ƙwace ƙasar duk wanda aka kira ɗan tawaye. A Waikato kaɗai an ƙwace eka kusan miliyan 1.2, har da ta waɗanda ba su ɗauki makami ba.

Masu ba da labarin sukan tsaya a yaƙi, don ya fi daɗin faɗa. Ni kuwa in aka tambaye ni abin da ya fi cinye ƙasar Maori, zan ce alƙalami. A 1848 wakilin gwamnati Henry Kemp ya sayi eka kusan miliyan 20 a Tsibirin Kudu, ɗaya daga manyan tsibiran ƙasar biyu, daga ƙabilar Ngai Tahu a kan fam 2,000, da alƙawarin bar musu isassun filaye da wuraren neman abincinsu. Alƙawarin ya bi ruwa. A 1865 aka kafa kotun filayen 'yan ƙasa. Filin da dangi ɗaruruwa suka gada tare, sai kotu ta rubuta shi da sunan mutum goma kacal, kowanne cikinsu yana iya sayar da rabonsa. Wanda bai halarci zaman kotu ba ya yi asara, wanda ya halarta kuma sai ya shafe makonni a garin Turawa yana cin bashin mai kanti, ga kuɗin safiyo, ga na lauya. Ranar da ya ci shari'a, filin ne zai sayar ya biya. Ministan shari'a na lokacin, Henry Sewell, ya faɗa wa majalisa a 1870 cewa manufar kotun ita ce buɗe ƙasar Maori ga masu zuwa da kuma wargaza tsarin ƙabila, don haka ba zargi ba ne na 'yan baya. Da wani Bamaori mai suna Wi Parata ya kai ƙara yana kafa hujja da yarjejeniyar, Alƙalin Alƙalai James Prendergast ya yanke a 1877 cewa takardar banza ce a idon doka.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Parihaka, wani gari a gindin dutsen Taranaki. Shugabanninsa biyu, Te Whiti o Rongomai da Tohu Kakahi, sun hana mutanensu taɓa makami. Daga 1879 suka riƙa tura maza da garma su yi huɗa a filayen da aka ƙwace. A kama waɗannan, gobe wasu su fito. Ɗaruruwa aka kwashe zuwa kurkukun Tsibirin Kudu ba tare da shari'a ba, wasu can suka mutu. Ranar 5 ga Nuwamba 1881 dakaru kusan 1,600 suka shiga garin, yara suka tarbe su da waƙa, manya suna zaune a dandali ba wanda ya ɗaga hannu. Aka kama shugabannin biyu, aka rushe gidaje, aka lalata gonaki, aka yi wa mata fyaɗe. Gwamnati ta amsa wannan da bakinta, ta nemi gafara a garin a 2017. Kafin ƙidayar 1896 Maori sun ragu zuwa kimanin 42,000, Turawa da yawa suna ganin ƙabilar ta kusa shuɗewa. Yau filin da ya rage a ƙarƙashin mallakar Maori ta gado bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na ƙasar ba.

Wannan ne ke cikin muryar yarinyar nan. Ko ya dace a yi shi a zauren majalisa ana tsakiyar ƙuri'a, wannan ana iya gardama a kai. Majalisar ta ce bai dace ba: a Yunin 2025 ta dakatar da ita kwana 7, shugabannin jam'iyyarta biyu kwana 21 kowanne, hukuncin da ba a taɓa yi wa ɗan majalisa irinsa ba a ƙasar. A ganina hukuncin ya fi laifin girma nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam, Maori su ne 'yan asalin Ostareliya da muke ji? Daga wani ɗalibi.

Amsa: A'a, ɗana, ba su haɗa komai ba sai maƙwabtaka, ita ma da teku mai faɗin kusan kilomita 2,000 a tsakani. 'Yan asalin Ostareliya sun shafe dubun dubatar shekaru a ƙasarsu. Maori kuwa sun iso Aotearoa, kamar yadda suke kiran Nuzilan, cikin manyan kwale-kwale daga tsibiran gabashin Folinisiya wajen 1250 zuwa 1300, kuma danginsu su ne mutanen Tahiti da Hawaii. A Ostareliya Ingila ba ta ƙulla yarjejeniya da kowa ba, ta ɗauki ƙasar tamkar ba ta da mai ita, sai a shari'ar Mabo ta 1992 kotu ta rushe wannan da'awa. Turawan Nuzilan sun daɗe suna alfahari da cewa su ba su yi irin na maƙwabtansu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma alfaharin ya taimaka musu wajen kau da kai daga nasu na tsawon shekaru.

Tambaya: Malam, ka yi mini afuwa, ni dai ina ganin mutumin da ya kawo ƙudurin yana da gaskiya. Ƙasa ɗaya, doka ɗaya. Don me za a ware wa wata ƙabila kujeru a majalisa? Kuma mene ne laifin Baturen yau a abin da aka yi shekara 180 da suka wuce? Daga wani malamin makaranta mai ritaya.

Amsa: Baba, babu abin neman afuwa, tambayar da mutane da yawa a ƙasar suke yi ke nan. Mai ƙudurin David Seymour ne, shugaban jam'iyyar ACT, kuma shi kansa yana da jinin ƙabilar Ngapuhi ta wajen mahaifiyarsa, don haka rigimar ba ta rabu gida biyu bisa launin fata ba. Yana da hujja ɗaya mai ƙarfi. Tun 1975 dokokin ƙasar suke ambaton ƙa'idojin yarjejeniyar, amma majalisa ba ta taɓa zama ta fayyace su ba. Alƙalai ne suka cike giɓin, musamman a shari'ar filaye ta 1987, inda kotun ɗaukaka ƙara ta ce yarjejeniyar tamkar haɗin gwiwa ce da ke wajabta wa ɓangarorin biyu riƙon amana. Seymour ya ce abu mai girma haka bai kamata a bar wa alƙalai ba. Har nan ina tare da shi.

Inda muka rabu shi ne maganin da ya kawo. Yarjejeniya tsakanin ɓangare biyu ce. Ƙudurin ya so ɓangare ɗaya, wanda yanzu ya fi yawa, ya zauna shi kaɗai ya sake rubuta ma'anarta, sannan a kai ta ƙuri'ar raba gardama inda Maori ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Idan mai cin bashi ne zai rubuta wa kansa adadin da ake binsa, Baba, ka san inda lissafin zai tsaya. Kuma ba Baturen yau ake tuhuma ba. Ƙorafe-ƙorafen duk a kan gwamnati ake shigar da su, ita ce ta sa hannu a 1840, ita ce ta yi dokar ƙwace, kuma ba ta mutu ba balle a ce bashin ya bi ta kabari.

Batun kujeru kuwa tarihinsa zai ba ka mamaki. A farko sai mai fili da sunansa yake jefa ƙuri'a, Maori kuma filinsu na tarayya ne, don haka kusan duk an bar su a waje. A 1867 aka ware musu kujeru huɗu, alhali bisa yawansu sun cancanci ninkin haka sau uku ko fiye. Kujerun sun tsaya a huɗu har 1996, wato sun fi kama da shinge a kan tagomashi. Yanzu bakwai ne, ana lissafa su bisa yawan waɗanda suka zaɓi shiga rajistar Maori, kuma kowane Bamaori yana da 'yancin zaɓar rajistar gama-gari. Ƙuri'a ɗaya ce ga kowa a mazaɓarsa. Ana iya cewa tunda yanzu Maori sun cika jam'iyyu daban-daban, kujerun sun gama aikinsu; wannan magana ce da za a iya zama a tattauna, amma da masu kujerun za a yi ta.

Daidaito a takarda kuma ba shi ne daidaito a gida ba. A ƙidayar 2023 Maori kashi 17.8 cikin 100 ne na jama'a, amma kusan rabin fursunonin ƙasar su ne, kuma a matsakaici Bamaori yana riga sauran mutuwa da kusan shekara bakwai. Ƙudurin dai bai kai labari ba. Mutum sama da 40,000 suka yi tattaki zuwa harabar majalisa a Wellington, babban birnin ƙasar, ranar 19 ga Nuwamba 2024, aka aika wa kwamitin majalisa ra'ayoyi sama da 300,000, mafi yawa na ƙin amincewa. A Afrilun 2025 aka kayar da shi da ƙuri'a 112 a kan 11. Har abokan ƙawancen Seymour a gwamnati, ciki da Firayim Minista Christopher Luxon, ba su mara masa baya ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, an ce gwamnati ta biya su diyya. An mayar musu da ƙasar ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Kaɗan daga ciki, ɗan'uwa, kuma ba a kwance suka same shi ba. A 1975 wata dattijuwa mai shekara 79, Whina Cooper, ta jagoranci tattaki daga Te Hapua a ƙuryar arewa har Wellington, tafiyar kusan wata guda, da taken kada a ƙara rasa ko eka ɗaya. A shekarar aka kafa Hukumar Waitangi mai sauraron ƙorafi, sai dai da farko ba ta da ikon duba abin da ya wuce. A 1985 aka ba ta damar komawa har 1840. Tsakanin nan mutanen Ngati Whatua suka yi zaman dirshan na kwana 506 a Bastion Point cikin birnin Auckland, har 'yan sanda da sojoji suka kwashe mutum 222 a Mayun 1978.

Hukumar galibi shawara take bayarwa, ciniki kuma da gwamnati ake yi. Ba a taɓa filin da ke hannun mutane masu zaman kansu, sai na gwamnati. Ƙabilar Waikato-Tainui ta sami filaye da kuɗi na dalar Nuzilan miliyan 170 a 1995, kuma Sarauniya Elizabeth ta sa hannu da kanta a dokar da ke ɗauke da neman gafara. Ngai Tahu ta sami adadin nan a 1998. Ka auna miliyan 170 da eka miliyan 1.2 na ƙasar noma mafi albarka a Nuzilan, za ka ga ɗan tsiraru ne daga abin da aka rasa, kuma gwamnati ba ta taɓa da'awar cikakkiyar diyya ba ce. Ƙabilun sun karɓa don a sami abin farawa, suka juya kuɗin a kamun kifi da gidaje da noma da yawon buɗe ido, yau dukiyar kowace cikin biyun nan ta wuce dala biliyan ɗaya. Akwai Maori da ke ƙorafin cewa arzikin ya tsaya a ofisoshin ƙabila bai isa ga talakan da ke haya a kudancin Auckland ba, kuma ƙorafin ba na banza ba ne.

Wasu sasantawar sun zo da sabon salo. A 2017 doka ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a gaban shari'a, da wakilai biyu masu magana da yawunsa, ɗaya daga ƙabilar, ɗaya daga gwamnati. Ngapuhi kuwa, ƙabila mafi yawan jama'a, wadda a ƙasarta aka fara sa hannu, har yanzu ba ta sasanta ba. A 2014 Hukumar Waitangi ta yanke cewa shugabanninta da suka sa hannu a Fabrairun 1840 ba su miƙa mulkinsu ba, gwamnati kuma ta ce ita ce ke da mulki yau ko ta yaya aka faro.

Tambaya: Malam, yarensu yana nan ko Turanci ya cinye shi? Daga wata malamar firamare.

Amsa: Malama, saura ƙiris ya tafi. Dokar makarantun 'yan ƙasa ta 1867 ta sa Turanci ya zama harshen koyarwa, malamai kuma suka ɗora da duka. Wani dattijo mai daraja, James Henare, ya shaida wa Hukumar Waitangi yadda aka aike shi daji ya yanko tsumagiyar da za a zane shi da ita don ya yi yarensu a harabar makaranta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Maori suka kwarara birane neman aiki, iyayen da suka sha duka suka ƙi koya wa 'ya'yansu. Binciken shekarun 1970 ya nuna masu iya harshen sosai ba su kai kashi 20 cikin 100 na Maori ba, yawancinsu tsofaffi.

A 1972 matasa suka kai wa majalisa koke mai sa hannun mutum sama da 30,000. Amma abin da ya fi aiki, a ganina, kakanni mata ne suka yi shi. A 1982 aka buɗe kohanga reo ta farko a Wainuiomata kusa da Wellington, wurin renon yara inda tsofaffi ke zama da jikoki ba a furta kalmar Turanci ko ɗaya. Cikin 'yan shekaru suka kai ɗaruruwa, aka bi su da makarantun firamare na harshen, a 1987 ya zama harshen hukuma, a 2004 aka buɗe gidan talabijin na Maori. A ƙidayar 2023 mutum sama da 200,000 suka ce suna iya hira da shi. Gwamnatin da ta hau a ƙarshen shekarar ta umarci yawancin ma'aikatu su sa sunansu na Turanci a gaba, na Maori a baya, don haka har allon ofis ya shiga cikin rigimar.